Tsara ƙarfin sabar mai ɓangarori a Najeriya

Tsara ƙarfin sabar fanni ne na kimiyyar kwamfuta da ke ƙiyasta yawan buƙatun da babbar kwamfuta za ta iya ɗauka a lokaci guda, da irin jinkirin da masu amfani da ita za su gani idan buƙatun suka ƙaru. Sabar ita ce kwamfutar da ke zaune a cibiyar adana bayanai tana amsa wa wayoyi, da na'urorin POS, da kwamfutocin ofisoshi. Manyan sabar na yau suna ɗauke da furosesa da yawa, wato ƙwaƙwalen da ke yin lissafi, kuma akan yanka na'ura guda zuwa ɓangarori, kowane ɓangare yana aiki tamkar kwamfuta mai zaman kanta. Aikin mai tsarawa shi ne ya san furosesa nawa zai ba kowane ɓangare, nawa zai bari a matsayin rara, da kuma abin da zai faru ranar da duka ɓangarorin suka buƙaci rarar a sa'a guda.

A Najeriya batun ya fita daga ofisoshin injiniyoyi ya shiga bakin jama'a tun daga shekarar 2023, saboda abubuwa uku: maƙalewar tiransifa lokacin canjin takardun naira, da gazawar shafin IReV na hukumar zaɓe a ranar zaɓen shugaban ƙasa, da matsalar sakamakon jarrabawar JAMB ta 2025. Mazauna ƙauyuka irin su Tursa a ƙaramar hukumar Raba ta jihar Sakkwato, ko masu cin kasuwa a Wurno da Goronyo, ba su da sabar a kusa da su, amma kuɗin albasarsu, da ƙuri'arsu, da makin 'ya'yansu duk ta cikin irin waɗannan na'urori suke bi.

Suna

Kalmar sabar aro ce daga Turanci. Wasu marubutan Hausa a fannin fasahar sadarwa suna kiran ta uwar garke, suna kwatanta ta da dabbar da sauran garke ke bi. Sunan ya karɓu a rubuce, sai dai ya juya ma'anar asali, domin a Turanci hidima na'urar take yi wa sauran kwamfutoci, a Hausa kuwa an mai da ita shugaba. Akwai kuma wani abin lura game da kalmar aron. Da yake ta ƙare da harafin r, masu magana da yawa suna jin sa a matsayin r ɗin mallaka irin na motar Audu, don haka sukan ce saba idan kalmar ta tsaya ita kaɗai, su ce sabar banki idan ta haɗu da wata. Jinsinta mace ne, kamar kwamfuta da na'ura. A kasuwa kuwa ba a cika jin ko ɗaya daga cikinsu ba. Duk abin da ya hana kuɗi tafiya, sunansa “ba netiwok”, ko da eriyar waya lafiyarta ƙalau.

Tarihi

Lissafin da fannin ya dogara a kai ya girmi kwamfuta. A shekarar 1909 Agner Krarup Erlang, masanin lissafi ɗan ƙasar Denmak da ke aiki a kamfanin tarho na babban birnin ƙasar, ya fara nazarin yawan layukan da ake buƙata don kada masu kira su riƙa samun hanya a cike. Daga aikinsa ne ilimin lissafin layi ya samo asali. A 1961 John Little ya tabbatar da dokar da ake kira da sunansa, a 1967 kuma Gene Amdahl ya bayyana iyakar ribar da ake samu daga ƙara furosesa.

Raba na'ura guda zuwa kwamfutoci da yawa ya fara ne a kamfanin IBM na Amurka a shekarun 1960. Kamfanin ya fitar da manhajar VM/370 a 1972, sannan a 1988 ya kawo tsarin PR/SM, wanda ke yanka babbar na'ura zuwa ɓangarorin da ake kira LPAR. A 1997 kamfanin Sun ya fitar da Enterprise 10000, mai ɗaukar furosesa har 64, wadda ake iya sake raba ta tana cikin aiki. A 2004, da fitowar POWER5, ya zama ana iya ba ɓangare kaso ɗaya cikin goma na furosesa guda. Manhajar VMware ta kawo irin wannan rabo ga ƙananan sabar masu araha tun daga 2001, kuma a 2006 kamfanin Amazon ya fara ba da hayar ɓangarorin sabar ta intanet, ana biya da sa'a. Abin da ake kira girgije a yau, a taƙaice, shi ne wannan hayar.

Hanyoyin rabo

Akwai rabo mai katanga, inda ake ware wa ɓangare furosesa da ma'adanarsa shi kaɗai. Ko yana zaune ba aiki, maƙwabcinsa ba zai taɓa kasonsa ba. Akwai kuma rabo na tarayya, inda ake zuba duka furosesa a wuri guda, wata manhaja mai rabo tana ba kowane ɓangare ɗan lokaci bi da bi, cikin ƙasa da ƙiftawar ido. A rabon tarayya kowane ɓangare yana da haƙƙin da aka yi masa alkawari, kuma ana iya ƙyale shi ya ci fiye da haƙƙin idan akwai rara, ko a sa masa iyakar da ba zai wuce ba.

Manomin rani a kwarin Rima ya san bambancin. Wanda ya haƙa rijiyarsa ya sa injin ban-ruwa, ruwansa nasa ne, amma idan rijiyar ta gaza ba mai ƙara masa. Wanda yake sha daga magudanar da ke ɗauko ruwa daga madatsar Goronyo yana iya samun fiye da kasonsa a ranar da maƙwabta ba sa ban-ruwa, sai dai a tsakiyar zafi, lokacin da kowa ke buɗe bakin gonarsa, na ƙarshen magudana ne ke kwana da ƙishi. Rabon tarayya yana da riba muddin buƙatun ba sa zuwa tare.

A nan ne matsalar Najeriya take. Buƙatun mutane suna zuwa tare. Albashi yana shiga a ƙarshen wata, sayayyar salla tana taruwa a kwanaki biyu ko uku, rajistar jarrabawa tana cunkushewa a makon rufewa, sakamakon zaɓe kuma yana tasowa daga duk faɗin ƙasa cikin yammaci guda. Bankin da ya ɗora manhajar waya, da ta katin ATM, da ta lambobin USSD, da rumbun asusun ajiya a kan na'ura guda, yana dogaro da cewa ɗaya zai ari rarar ɗaya, zai tarar a irin waɗannan ranaku babu rarar da za a ara.

Lissafin layi

Abu na farko da lissafin ke nunawa shi ne jinkiri ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da yawan aiki. Idan buƙatu suna isowa barkatai, kuma furosesa guda ke yi musu aiki, ƙa'ida mafi sauƙi tana cewa:

lokacin amsa = lokacin aiki ÷ (1 − kason shagala)

Kason shagala shi ne yawan lokacin da furosesan ke cikin aiki. A ɗauka, a matsayin misali, cewa kowace buƙata tana cin daƙiƙa 0.2. Idan furosesan yana cikin aiki kashi 50 cikin 100 na lokaci, amsa za ta zo cikin daƙiƙa 0.4. A kashi 80 za ta zo cikin daƙiƙa 1. A kashi 90, daƙiƙa 2. A kashi 95, daƙiƙa 4. A kashi 99 kuwa sai an jira daƙiƙa 20. Ƙarin aiki na kashi 30 na farko bai kai ya ƙara daƙiƙa guda ba, amma ƙarin kashi 4 na ƙarshe ya ƙara daƙiƙa 16. Wannan ne ya sa sabar da ke aiki lafiya jiya za ta iya durƙushewa yau ba tare da wani abu ya lalace a jikinta ba, kuma shi ya sa manajan da ya ga na'ura tana aiki kashi 60 ya ce ana asarar kashi 40 bai fahimci abin da ya saya ba. Kashi 40 ɗin shi ne yake sayo saurin.

Dokar Little ta ƙara wani abu. Yawan buƙatun da ke cikin tsarin a kowane lokaci daidai yake da yawan masu isowa a daƙiƙa, a ninka da lokacin da kowace ke ɗauka. Idan buƙatu 500 ke isowa a daƙiƙa, kowace tana ɗaukar daƙiƙa 0.4, to 200 ne a ciki. Idan jinkiri ya kai daƙiƙa 20, sun zama 10,000. Kowace buƙata da ke jira tana riƙe da ɗan wuri a ma'adana da kuma hanyar shiga rumbun bayanai, waɗannan kuwa suna da iyaka. Sau da yawa su ne ke fara ƙarewa kafin furosesa.

Abu na uku ya shafi rabon kansa. A ɗauki furosesa 8, kowane yana aiki kashi 80. Idan an raba su ɓangarori 8 masu katanga, kowane da layinsa, amsa za ta zo cikin daƙiƙa 1 kamar yadda aka gani a sama. Idan aka haɗe su suna cin layi guda, lissafin Erlang yana ba da kusan daƙiƙa 0.26. Na'ura ɗaya ce, aiki ɗaya ne, amma jinkirin ya ragu kusan ninki huɗu. Dalilin a bayyane yake ga duk wanda ya taɓa kai niƙa: idan injuna takwas ne kowane da layinsa, za a ga wani injin a tsaye ba kowa alhali na kusa da shi yana da mata goma suna jira. Katanga tana da tsada ke nan. Abin da ake saye da wannan tsada shi ne kariya, domin ɓangaren da ya haukace ba zai cinye na maƙwabcinsa ba.

Ƙara furosesa ma ba ya warware komai kai tsaye. Dokar Amdahl ta ce idan kashi 5 cikin 100 na aikin dole a yi shi ɗaya bayan ɗaya, kamar rubuta sabon lissafi a asusun da mutane da yawa ke turo wa kuɗi, to furosesa 8 za su ba da saurin kusan ninki 6, furosesa 64 su ba da kusan ninki 15, kuma komai yawansu ba za a wuce ninki 20 ba. A 1993 Neil Gunther ya faɗaɗa wannan ƙa'ida, ya nuna cewa lokacin da furosesa ke ɓatawa wajen daidaita bayanai a tsakaninsu yana iya sa aikin ya koma baya idan sun yi yawa.

Akwai kuma tarkon awo, wanda ya keɓanta ga sabar mai ɓangarori. A ɗauka an yi wa ɓangare alkawarin furosesa 2, amma an ba shi damar miƙewa har 4 idan akwai rara, kuma yana cin 1.8. Idan aka auna shi da 4, yana aiki kashi 45, kowa ya kwantar da hankali. Idan aka auna shi da 2, yana kashi 90, yana bakin rami. Duka alƙaluman gaskiya ne. Na farko shi ne na ranar Talata da hantsi, na biyu shi ne na jajibirin salla. A manhajar Linux akwai ma'auni na musamman da ke nuna lokacin da ɓangare ya shirya aiki amma mai rabo ya ba wani furosesan, injiniyoyi suna kiran sa lokacin da aka sace. Rahoton da bai nuna wannan ma'auni ba yana iya nuna sabar a huce alhali masu amfani da ita suna kuka.

Canjin naira na 2023

A ranar 26 ga Oktoba 2022 gwamnan Babban Bankin Najeriya na lokacin, Godwin Emefiele, ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200, da 500, da 1,000. Sababbin takardun sun fara yawo a ranar 15 ga Disamba, an sa 31 ga Janairu 2023 a matsayin ranar daina karɓar tsofaffi, daga baya aka ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu. An kuma ƙayyade abin da mutum zai iya cirewa a mako zuwa naira 500,000. Tsabar kuɗin da ke yawo ta faɗo daga sama da naira tiriliyan 3 a Oktoba zuwa ƙasa da tiriliyan 1 a Fabrairu. Sai a ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli, a ƙarar da jihohin Kaduna, da Kogi, da Zamfara suka fara shigarwa, ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin takardun.

A cikin waɗannan makonni cinikin da aka saba yi hannu da hannu ya koma kan waya. Tiransifa tsakanin bankuna tana bi ta tsarin NIP na kamfanin NIBSS, wanda Babban Banki da bankunan kasuwanci suka mallaka, tsarin kuma ya fara aiki tun 2011. Alƙaluman NIBSS sun nuna tiransifa kimanin biliyan 5.1 a 2022 da kimanin biliyan 9.7 a 2023. Idan aka raba su kan daƙiƙun shekara, ana samun kusan 160 a daƙiƙa a 2022, da sama da 300 a 2023. Wannan matsakaici ne da ya haɗa da tsakar dare, don haka na yammacin ranar kasuwa ya fi haka nesa. Ga ƙa'idar da aka kawo a sama, sabar da ke aiki kashi 50 a 2022 ninki biyu kawai take buƙata ta cika maƙil.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne sake dannawa. Mai saye ya tura kuɗi, alat bai zo ba, ya sake turawa, mai shago kuma yana buɗe manhajarsa kowane minti yana duba asusu. Sabar da ke kashi 90, idan buƙata ɗaya cikin biyar ta dawo a karo na biyu, ta kai kashi 108, kuma daga nan layin ba ya raguwa sai mutane sun gaji sun tafi barci. Ƙorafin da aka fi ji a lokacin, na an cire kuɗi amma ba su shiga ba, shi ma ɗan jinkiri ne: bankin mai turawa ya riga ya cire, ya jira amsa daga ɗaya ɓangaren har wa'adin jira ya ƙare, sai cinikin ya rataya. Mayar da kuɗin wani sabon aiki ne da ke hawa kan sabar da ta riga ta gaji. Tun 2020 Babban Banki ya ƙayyade sa'o'i 72 don warware irin wannan a cinikin POS, amma ga manomin da ya kawo buhunan tafarnuwa kasuwar Achida yana son ya koma gida da taki, kwana uku ba ƙaramin abu ba ne.

Kamfanoni irin su OPay, da PalmPay, da Moniepoint sun sami kwastomomi da yawa a wannan lokaci, har a ƙauyuka. Ɗaya daga cikin dalilan lissafi ne zalla: idan mai saye da mai sayarwa suna kamfani guda, kuɗin ba sa fita zuwa NIBSS, matakan da za su iya maƙalewa sun ragu. Ciniki mai matakai biyar, kowane yana nasara sau 99 cikin 100, yana kammaluwa sau 95 ne kawai. Idan kowane mataki ya sauka zuwa 97, jimillar ta koma 86.

Shafin IReV

Hukumar zaɓe ta INEC ta fara amfani da shafin IReV a zaɓen cike gurbi na Nasarawa ta Tsakiya a Agustan 2020. Manufarsa ita ce a ɗauki hoton takardar sakamako a rumfa da na'urar BVAS, a ɗora shi kowa ya gani. Ya yi aiki a zaɓen gwamnan Ekiti da na Osun a 2022, abin da ya sa jama'a suka amince da shi. Amma Osun rumfuna 3,763 gare ta, takarda guda kowace. Babban zaɓen 25 ga Fabrairu 2023 kuwa yana da rumfuna 176,846, daga ciki 3,991 a jihar Sakkwato, kowace da takardu uku: na shugaban ƙasa, da na sanata, da na ɗan majalisar wakilai. Hotuna sama da 500,000 ke nan, kusan ninki 140 na Osun. Gwajin da hukumar ta yi a bainar jama'a ranar 4 ga Fabrairu a rumfuna 436 aka yi shi.

A ranar zaɓen, sakamakon 'yan majalisa ya riƙa hawa, na shugaban ƙasa ya ƙi. Washegari hukumar ta fitar da sanarwa tana danganta matsalar da faɗaɗa shafin daga na zaɓukan jihohi zuwa na ƙasa baki ɗaya, wato ta bayyana ta a matsayin matsalar ƙarfi. Rahoton da ta fitar a 2024 ya ba da bayani daban. A cewarsa, manhajar tana jera hotuna ne a ƙarƙashin jihar da zaɓen ya shafa, zaɓen shugaban ƙasa kuwa ba na wata jiha ba ne, don haka sabar ta kasa ƙirƙirar wurin ajiye su ta riƙa mayar da saƙon kuskure. Rahoton ya ce sakamakon shugaban ƙasa na farko ya hau da ƙarfe 8:55 na dare, lokacin da jami'an rumfuna da yawa sun riga sun bar wuraren aikinsu.

Idan bayanin rahoton ne daidai, to ko an ninka furosesa sau goma ba abin da zai canza. Duk da haka lamarin bai fita daga wannan fanni ba. Ƙiyasin aiki yana farawa ne da lissafa ire-iren buƙatun da za su zo, a gwada kowane iri da siffarsa ta gaskiya kafin a yi maganar yawansa. Zaɓen da ba shi da jiha wani iri ne da shafin bai taɓa gani ba, kuma hoto guda na gwaji ya isa ya tona kuskuren. 'Yan adawa ba su karɓi bayanin hukumar ba, sun ce da gangan aka yi. A ranar 26 ga Oktoba 2023 Kotun Ƙoli ta yanke cewa IReV wurin kallon sakamako ne, ba wurin tattara shi ba, kuma gazawarsa ba ta rushe zaɓen ba. Hukuncin ya rufe shari'ar, amma shakkar da sa'o'in nan suka haifar tana nan cikin muhawarar da ake yi kan zaɓen 2027.

Jarrabawar JAMB ta 2025

Sama da ɗalibai miliyan 1.9 ne suka zauna jarrabawar shiga manyan makarantu ta 2025, kuma sama da miliyan 1.5 sun sami ƙasa da maki 200 cikin 400. Bayan ƙorafe-ƙorafe, magatakardan hukumar, Farfesa Is-haq Oloyede, ya amsa a ranar 14 ga Mayu cewa an yi kuskure a sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157, wato 206,610 a cibiyoyi 65 na Legas da 173,387 a cibiyoyi 92 na jihohi biyar na kudu maso gabas. Hukumar ta raba aikinta gida biyu, ɗaya ana kiran sa KAD ɗaya LAG. An yi wa manhajar gyara, amma gyaran bai isa wasu sabar da ke ɓangaren LAG ba. An sake wa ɗaliban jarrabawa daga 16 ga Mayu.

Wannan ba cunkoso ba ne. Misali ne na abin da rabo ke bayarwa da abin da yake karɓa. Kuskuren ya tsaya inda ya faru, cibiyoyin Sakkwato ba sa cikin jerin. Amma kowane ɓangare da aka ƙara wani wuri ne da dole a kai masa gyara, a kuma tabbatar ya isa, kuma na'urar da ke ba da amsa marar kyau cikin sauri ba ta nuna wata alama a ma'aunin shagala.

Arewa da nisan cibiyoyi

Mafi yawan manyan cibiyoyin adana bayanai na kasuwanci a Legas suke, kusa da inda wayoyin ƙarƙashin teku ke sauka. Akan ce nisan ne ke jawo wa arewa jinkiri, amma lissafi bai goyi bayan haka sosai ba. Haske yana tafiyar kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa cikin wayar gilashi, don haka zuwa da dawowa a tazarar kilomita 1,000 kusan kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa ne. Jinkirin da ake ƙirgawa da daƙiƙu daga layi yake fitowa, ko a sabar, ko a eriyar da ƙauyuka da yawa ke rabawa. A gabashin Sakkwato matakin eriyar ne ya fi rauni. A Satumban 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar saboda matsalar 'yan bindiga, kuma a irin wannan hali ƙarfin sabar da ke Legas ba ya amfana wa kowa komai.

Amfanin cibiya a arewa ya fi ƙarfi ta fuskar madadi. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin teku huɗu, WACS, da MainOne, da SAT-3, da ACE, sun katse a gaɓar Kodebuwa, ayyukan bankuna da dama a Najeriya suka tsaya cak ko suka yi ta ɗingishi. Kamfanin gwamnatin tarayya na Galaxy Backbone yana da cibiya a Abuja, kuma a Janairun 2023 shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe wata a Kano. Sai dai cibiya ta biyu tana da nata lissafin. Idan cibiyoyi biyu suna raba aiki kowace tana kashi 70, ranar da ɗaya ta faɗi ɗayar za ta sami kashi 140, ita ma ta bi ta. Don madadin ya zama na gaske dole kowace ta zauna ƙasa da kashi 50, wato a sayi na'urorin da fiye da rabin ƙarfinsu zai zauna yana jiran ranar da ba a fata.

Da dala ake sayen waɗannan na'urori, da dala ake biyan hayar girgije, dalar kuwa ta tashi daga kimanin naira 460 a farkon 2023 zuwa sama da 1,500 a 2024. Lasisin wasu manhajojin rumbun bayanai, irin na Oracle da bankuna da yawa ke amfani da shi, da yawan furosesa ake biyan sa. Kamfanin yana yarda a biya kuɗin furosesan ɓangare kaɗai idan rabon mai katanga ne, amma a rabo irin na VMware yakan ƙirga duka furosesan da manhajar za ta iya hawa. Saboda haka girman ɓangaren da rumbun asusun banki ke zaune a ciki yakan fito ne daga zaman da aka yi da ofishin kuɗi, kuma adadin da aka tsayar a can yana iya zama ƙasa da wanda lissafin layi ya nema.